Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Riƙe Wuta Bayan An Saki Totur

Ka taka totur, allurar juyin inji ta hau 3000, ka ɗauke ƙafa, amma inji bai sauko ba. Sai ya maƙale a sama yana gurnani, daƙiƙa uku, huɗu, wani sa'in har biyar, kafin ya fara gangarowa a hankali kamar mai ciwon gwiwa a kan bene. Direbobi kan ce motar tana riƙe wuta. In mai kuloci ce, duk canjin giya sai ta fizge ka. In otomatik ce, a gosulon Oshodi ƙafarka ba za ta bar birki ba, don da ka ɗan sassauta sai ta zabura ta nufi bayan danfon da ke gabanka. Ga shan mai, ga cin birki.

Na daɗe ina wannan aiki a gareji a Agege, kuma yawancin motocin da ake kawo mini da wannan ciwo an riga an jagwalgwala su. An murɗa sukurun silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, an sayi sensa biyu ko uku kan mai uwa da wabi, ciwo kuma yana nan. Don haka kafin ka ɗauki sifana ka riƙe wannan: injin fetur ba ya iya tsayawa a sama sai da iska. In ka saki totur bai sauko ba, iska ce take samun hanya. Ko faifan totur, wanda ke buɗe wa iska hanya in ka taka, bai rufe ba, ko akwai ɓaraka a tiyo ko gasket, ko kuwa ƙwaƙwalwar motar, wato birenbos, ita da kanta ta buɗe wa iskar ƙofa saboda wata sensa tana yi mata ƙarya. Tsofaffi masu distiributa suna da wani dalili na huɗu, za mu zo kansa. Aikinka shi ne bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, daga wadda ba ta cin ko kwabo.

Kayan aiki

Sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana da soket masu lamba 8, 10 da 12, filaya mai dogon baki, tocila, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da tsohon buroshin haƙori. Sai gwangwanin feshin wanke kafireta guda ɗaya, ɗan man feshi irin WD-40, da gorar fesa ruwa irin ta masu aski. Ka nemi mitar da rewaya ke gwada wuta da ita, da allurar ɗinki ko fil guda biyu. Ka tanadi guntun siririn tiyo kamar kamu ɗaya, da sabon gasket na gidan totur ko takardar yanka gasket.

In kana da ƙaramar kwamfutar gwaji ta OBD2, irin wadda ake haɗawa da waya, za ta rage maka rabin aiki. Motocin da aka ƙera don Amurka suna da soket ɗinta tun daga 1996, masu fetur na Turai kuwa daga 2001. In babu, mita da kunne da yatsa sun isa. Abin kashe gobara kuwa ba na yarda a fara aikin nan ba tare da shi a kusa ba, ko da bokitin yashi ne.

1. Bar inji ya yi zafi, ka tsaya ka kalla

Inji mai sanyi dama yana tashi sama, 1200 zuwa 1500, kuma yana jinkirin sauka. Wannan ba ciwo ba ne. Ka zaga da motar minti goma sha biyar, ka dawo ka tsaya, giya a firi ko a P, birkin hannu a ja, ka kashe AC da fitilu, sitiyari a miƙe. AC da murɗa sitiyari duk suna ɗaga silo da gangan, za su ruɗa ka.

Ba ta wuta zuwa 3000, ka saki gaba ɗaya, ka ƙirga. Lafiyayyen tsohon inji yana saukowa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ya zauna tsakanin 650 da 850. Maimaita sau biyar ka rubuta abin da ka gani. Shin yana saukowa har ƙasa daga baya, ko yana tsayawa a 1200? Kullum yake yi, ko sai jefi-jefi? Yana hawa yana sauka shi kaɗai? Wanda ke yi jefi-jefi yawanci abu ne mai maƙalewa, waya ko faifai. Wanda ke yi kullum iri ɗaya, zargi ɓaraka ko sensa. Ka kuma kalli allurar zafi, ka rubuta inda ta tsaya. Za mu neme ta a mataki na bakwai.

Kada ka haɗa wannan da zamewar kuloci. In kana tafiya ka taka, inji ya yi ihu amma mota ba ta ƙara gudu ba, wannan faifan kuloci ne, ba ya cikin maganarmu.

2. Duba ƙarƙashin ƙafarka

Fitar da kafet, da duk robar da aka ɗora a kansa saboda damina. Na sha ganin roba biyu a kan juna, ta saman ta naɗe bakin feda. Kashe inji, danna fedar da hannu ka saki. Ya kamata ta dawo nan take da ƙara, ƙwas. In ruwa ya taɓa shiga motar, kamar yadda yake yi wa masu bin Apapa da Lekki a watan Yuni da Yuli, ƙusar da fedar ke juyawa a kai tana tsatsa. Fesa mata mai, ka motsa ta har ta saki.

3. Raba waya da gidan totur

Wannan gwajin minti biyar ne, kuma shi ne yake raba gardama. Buɗe bonet, bi wayar totur har inda ta kama kurfin da ke jikin gidan totur, wanda a gareji ake kira totul-bodi. Sa wani ya taka feda ya saki, inji a kashe, kai kana kallo. Kurfin ya dawo ya bugi sukurun tsayawarsa? Tura shi da yatsa. In ya ƙara motsi ko da kaurin farce ne, bai rufe da kansa ba.

Yanzu zare wayar daga kurfin, tayar da inji, ka ba da wuta da hannu ka saki. In ya sauko sumul, laifin waya ne. Ja ta ka ji, in tana karta ko ka ga silin ƙarfe ya tsinke ya tashi, canza ta. Kada ka ɗura mata baƙin mai ka ce an gama. Za ta yi laushi sati biyu, ƙura ta manne, ta dawo fiye da da. Haka nan waya tana son ɗan sako-sako. A tsofaffin Honda, in ka danna tsakiyarta da yatsa tana lanƙwasawa milimita 10 zuwa 12 kafin kurfi ya motsa. Yaran gareji da yawa suna ɗaure ta tamau don direba ya ji motar tana amsa ƙafa, sai in inji ya yi zafi ko ya karkata kan matashinsa da ya mutu, wayar ta ja faifai.

Ka lura, ba lallai waya ɗaya ce a wurin ba. Tokumbo 'yan Amurka da yawa suna da ta biyu, ta na'urar riƙe gudu a doguwar hanya, wadda a Legas ba mai amfani da ita, sai ta bushe a wurin. Tsofaffin Toyota masu otomatik kuma suna da wadda ke gangarawa giyabos. Kowacce ka zare ta ita kaɗai ka gwada. Ta giyabos kada ka bar ta a cire ka hau titi, kuma kada ka canza saitinta, don ita ke daidaita ƙarfin man giya.

In ka cire wayoyi duka kurfi bai dawo da ƙarfi ba, duba sifirinsa. In ya gaji ko ya karye, a nemi wani. Ƙara roba ko guntun tayar ciki dabara ce ta kai mota gida, ba gyara ba.

4. Wanke gidan totur

Cire babban tiyon iska, haska tocila. Za ka ga baƙin datti mai danƙo ya yi zobe daidai inda bakin faifai ke kwanciya. Tururin baƙin mai ne ya haɗu da ƙurar hanya, kuma motar da ke wuni a gosulo ta fi tara shi. Shi ke tokare faifan.

Fesa a jikin tsumma, ba cikin rami kai tsaye ba, ka buɗe faifai da hannu ka goge gaba da baya, da gefen sandar da yake juyawa a kai. Buroshin haƙori zai kai inda tsumma bai kai ba. Kada ka sa sanfefa, kada ka kankare da sukudireba. Duk abin da ka ci daga jikin ƙarfen nan ya zama hanyar iska ta har abada. Kada feshin ya shiga sensar da ke gefen sandar. In babu feshi, ɗan fetur a tsumma zai yi, inji a sanyaye, kan batir a cire.

Da ka gama, kama sandar ka girgiza sama da ƙasa. In tana ƙwaƙwas, ramin ya cinye, iska tana bi ta nan kuma faifan ba ya sauka wuri ɗaya sau biyu. Wanki ba ya maganin wannan, sai wani gidan totur. In za ka kasuwar kayan mota ta Ladipo nemansa, tafi da naka a hannu, ka gwada lamba da soket, ka ɗaga wanda za ka saya ga rana ka ga ko haske yana ratsowa da yawa ta gefen faifai.

Sai maganar ƙaramin sukurun da kurfi ke bugawa, wanda kamfani ya ɗiga wa fenti. Ba na saitin silo ba ne. An sa shi ne kawai don kada faifai ya cije a jikin rami. In fentin ya fashe, wani ya riga ka. Kwance shi har ya daina taɓa kurfi, mayar da shi har ya taɓa, ka ƙara kwatan juyi, ka ɗaure. Duk wanda ya taɓa wannan sukuru dole ya yi mataki na takwas.

Bayan wanki silo yakan ɗan tashi na kwana ɗaya ko biyu, saboda ƙwaƙwalwa ta saba da datti. Cire kan batir na minti goma, ka mayar, ka bar motar a silo har fanka ta tashi sau biyu.

5. Nemi inda take shan iska

A nan ka fara sanin irin injinka. Wasu suna auna iska da mitar da ke bayan akwatin filta, wato eyafulo. Wasu kuma da sensar MAP, mai auna zuƙar da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, irin Honda na shekarun 1990 da Camry mai injin 5S-FE. A mai MAP, duk iskar da ta shigo ta ɓaraka ƙwaƙwalwa tana ganinta ta ƙara mata mai, don haka inji ya tashi sama ya ƙi sauka, tamkar an taka totur. A mai eyafulo, iskar sata ba ta cikin lissafi, mai ya yi kaɗan, sai ka ga rawar silo da hawa da sauka, kwamfuta ta nuna lambar laifi P0171. In kuma ka ga P0507, ƙwaƙwalwa ce ke cewa silo ya fi ƙarfinta.

Fara da ido da hannu. Bi kowane siririn tiyo da ya fito daga manifol, lanƙwasa shi kusa da bakinsa, don a nan zafi ke tsaga shi. Babban tiyon iska mai lanƙwasa kamar maƙogwaro, juya shi ka duba ƙasansa. Duba tiyon da ya fito daga murfin inji zuwa manifol da ɗan bawul ɗinsa na PCV, wanda in ka girgiza lafiyayye za ka ji yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Duba duk bakin da aka toshe da ƙusa ko tsohon fulogi, tsofaffin motocin Legas ba sa rasa irinsu.

Sannan kunne. Sa bakin guntun tiyonka ɗaya a kunne, ka zaga da ɗayan a gefen gasket ɗin manifol, gindin nozul, da bayan gidan totur. Ɓaraka tana huci kamar maciji, za ka ji ta ko da ana hayaniya. Yi hattara da fanka da fanbel, ka naɗe hannun riga, ka cire carbi ko duk abin da ke reto.

Sai matsa tiyo. Naɗa tsumma a bakin filaya, ka matse tiyo ɗaya bayan ɗaya, inji yana aiki. Wanda ka matse silo ya faɗo, ciwon yana ƙarshensa. Kada ka tsallake babban tiyon da ke tafiya tulun birki, wato busta. Robar cikinsa in ta huje, inji yana shan iska ta nan. Alamarsa, birki ya yi tauri, ko ka ji huci a ƙarƙashin dashbod in ka taka, ko silo ya canza.

Mutane suna fesa feshin kafireta a jikin inji mai aiki su saurari canjin murya. Yana aiki, amma ina tsoronsa, don na ga wuta ta kama gefen distiributa a gaban idona, har ta lashi gashin hannun yaron da ke fesawa. Ruwa a gorar aski ya isa. In ya toshe ɓarakar na ɗan lokaci, muryar inji za ta canza. In dole sai feshin, to ɗis-ɗis, nesa da manifol ɗin salansa da wayoyin fulogi.

6. Bawul ɗin silo

Ko faifai ya rufe, akwai wata 'yar hanya da ke zagaye shi, ƙwaƙwalwa tana buɗe ta tana rufewa da wani bawul mai soket da ke manne da gidan totur ko manifol. In ka saki totur, da gangan take ɗan riƙe shi a buɗe don kada inji ya faɗo ya mutu, sannan ta rufe. In datti ya kama shi, rufewar ce take jinkiri, kuma wannan shi ne ainihin riƙe wutar da muke magana.

A mota mai MAP gwajin yana da sauƙi. Cire babban tiyon iska, tayar da inji mai zafi, za ka ga rami a bangon gidan totur kafin faifai. Toshe shi da yatsa. In inji ya faɗo ƙasa sosai ko ya mutu, ta wannan hanya iskar take bi, ba ɓaraka ba. In ka toshe bai damu ba, koma mataki na huɗu da na biyar, da sauran rina a kaba. Mai eyafulo ba za ta yarda da wannan gwaji ba, da ka cire tiyo za ta mutu.

Cire bawul ɗin, ka kula da sukurorinsa don suna da laushin kai, ka wanke ɓangaren iska har abin da ke ciki ya juya ko ya motsa ba tare da cijewa ba. Ka riƙe soket ɗin a sama kada ruwan ya gangara cikin wayoyinsa. Irin mai tsinin hanci da ke shiga yana fita, kada ka ja shi ko ka tura da ƙarfi. Sa sabon gasket. Gam ɗin silikon da ake lafta masa yana matsowa ciki ya zama sabon ciwo.

Honda na farkon shekarun 1990 suna da wani bawul na biyu, marar soket, mai aiki da zafin ruwa. Raminsa shi ne na ƙasa a bakin gidan totur. In inji ya yi zafi kuma ka ji ramin yana zuƙar yatsarka, bai rufe ba. Buɗe murfinsa mai sukuru biyu, za ka ga farar roba mai zare wadda ke warwarewa da tsufa. Mayar da ita ciki ka gwada.

7. Zafin inji, tamostat da sensar ruwa

A nan zan daɗe, don a nan ne Legas ta bambanta da abin da ke cikin littafin kamfani.

Wani Alhaji mai harkar albasa a Mile 12 ya kawo mini Camry 'yar 1999. Ya canza bawul ɗin silo, ya canza sensar totur, ta ƙi. Abin da ya fi ɗaure masa kai, a gosulo takan yi lafiya, amma in ya miƙi hanyar Ikorodu da asuba, ko ana ruwa, sai ta riƙe wuta. Ina murɗa makulli, tun kafin inji ya tashi, fanka ta kama juyawa. Na tayar, minti biyu na dafa tiyon lagireta na sama da na ƙasa, duka sun fara ɗumi tare. Allurar zafi kuwa ko kwata ba ta kai ba.

Na ce, "Alhaji, an cire maka tamostat ne?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Injiniya. Tun ranar da na saye ta aka ce a cire, wai na ƙasar sanyi ne. Fankar ma aka haɗa ta dairek."

To ga abin da ke faruwa. Tamostat ɗan bawul ne da ke hana ruwa zuwa lagireta sai inji ya yi zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin digiri 85 zuwa 95. Tamostat ɗin yawancin Toyota yana fara buɗewa a 82, na Honda da yawa a 78. Zafin Legas, ko a watan Maris, bai fi talatin da 'yan kai ba, wato a wurin inji nan ma ƙasar sanyi ce. In ka cire tamostat ka bar fanka tana hurawa dare da rana, ruwa ba ya kai zafinsa, musamman a buɗaɗɗiyar hanya. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta buɗe bawul ɗin silo, ta ƙara mai, ta ƙi barin inji ya sauko da wuri. Ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. Wannan cire tamostat gyaran gangar Auzinawa ne, kuma ina jin zafinsa, don mai motar ne ke biya a gidan mai kullum, ga cin ringi da silinda. Muka wanke lagiretar Alhaji, muka sa tamostat, rewaya ya mayar da fanka kan hanyarta, ciwon ya tafi.

In kana da kwamfuta, karanta zafin ruwa bayan tafiyar minti ashirin. In bai haura 75 ba, ko ka ga P0128, ka samu. In za ka mayar da tamostat, gwada shi tukuna a tukunyar ruwa a kan risho, ka ga ya buɗe kafin ruwa ya tafasa. In yana da ɗan rami mai ƙaramar ƙusa a gefe, wannan ramin ya kalli sama. Amma ka ji gargaɗi: sau da yawa an cire shi ne don ɓoye wani ciwo, toshewar lagireta, mataccen murfi, ko fankar da ba ta tashi. Gyara waɗannan da farko, ka tsaya a kan motar har ka ga fanka ta tashi ta tsaya da kanta, kafin ka bar ta ta shiga gosulo. Kuma kada ka taɓa buɗe murfin lagireta inji da zafi.

Akwai ƙananan tiyo biyu na ruwa da ke ratsa ƙasan gidan totur. Bawul ɗin silo na Toyota da wancan na Honda duk suna buƙatar zafinsu kafin su rufe yadda ya kamata. Dafa su. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, tsatsar ruwan rijiya ta toshe hanya, zura waya ka buɗe. In an zagaye su ko an toshe da ƙusa, mayar. Ruwa in ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale a ciki bayan an yi aiki, shi ma yana sa silo hawa da sauka. Cika, ka fitar da iskar.

In zafi ya kai amma ƙwaƙwalwa ba ta sani ba, sensar ruwa ce. Ka nemi mai waya biyu, ba mai waya ɗaya ta allurar dashbod ba. Zare soket ka auna ta da mita, a ma'aunin om. A yawancin Toyota da Honda, da sanyin safiya za ka samu wajen om 2000, da zafi kuma ta sauko wajen 300. In inji da zafi tana nuna dubbai, ƙarya take yi. Duba soket ɗin ma, koren tsatsa a bakinsa yana ƙara lambar, ya sa a ɗauka sanyi ake.

8. Sensar totur

Ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwa cewa ƙafa ta tashi. Da ta ji haka inji yana sama, sai ta yanke mai gaba ɗaya har ya gangaro kusa da silo, shi ya sa lafiyayyen inji ke faɗowa da sauri. In saƙon bai iso ba, ba a yanke mai.

Makulli a buɗe, inji a kashe, soket a jikinsa. Zura allura ta bayan soket ɗin ta taɓa ƙarfe, kada ka huda rigar waya, damina za ta shiga ta nan. Waya ɗaya tana da volt 5, ɗaya ƙasa ce, ta ukun ita ce saƙo. A rufe za ka ga wajen 0.5, tana hawa sumul har ta haura 4 in ka buɗe duka. Buɗe ka saki sau goma. In yanzu ta dawo 0.5, an jima 0.9, ko sensar ta cinye ko sandar faifai. Tsofaffin Toyota masu waya huɗu suna da ƙarin makunni a ciki, tsakanin bakunan soket da ake kira IDL da E2, wanda dole ya haɗu in faifai ya rufe, ya rabu da an ɗan buɗe. In ramukan sukurorinta dogaye ne, sassauta ka juya ta kaɗan-kaɗan har ta zauna daidai. Yi mata alama da ƙusa kafin ka taɓa.

Wanda ba shi da kwamfuta kuma motarsa Toyota ce ta kafin OBD2, haɗa ramukan da ake kira TE1 da E1 da guntuwar waya a ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet, ka ƙirga ƙiftawar fitilar cek, ita ce za ta ba ka lambar laifin.

9. Masu kafireta da distiributa

Pijo 504 da 505, tsohuwar Golf da danfo da yawa ba su da ƙwaƙwalwa, amma mataki na biyu zuwa na biyar duk nasu ne. Ƙari a kai, cire murfin filta inji da zafi ka tabbatar faifan cok ya miƙe tsaye, kuma ɗan matakalar da ke ɗaga silo da safe ta saki kurfi. A kafireta mai maƙogwaro biyu, faifai na biyu yakan maƙale a ɗan buɗe, danna shi ka ji. Gindin kafireta, inda ta zauna a kan manifol, shi ne gidan ɓaraka na farko. Wasu suna da ɗan tulu mai tsinke da kurfi ke dannawa in zai rufe, aikinsa jinkirta rufewar kamar daƙiƙa ɗaya. In an saita shi ya yi tsawo, zai riƙe wuta. Wasu masu injekta na farko-farko ma suna da shi.

Ga dalili na huɗu da na ambata. A cikin distiributa akwai ƙarafa biyu masu nauyi da ƙananan sifirin, suna buɗewa in inji ya yi sama su tura taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, gaba, su koma in ya sauko. In sun yi tsatsa ba sa komawa da wuri, taimin ya tsaya a gaba, inji ya ƙi sauka ko da faifai a rufe. Cire murfi, kama rota ka murɗa ta inda take juyawa, ka saki. Dole ta dawo da kanta, tsaf. In ta tsaya, a buɗe a wanke, a ɗiga mai kaɗan. Wanda kuma aka saita masa taimin da kunne aka tura gaba don mota ta yi ƙarfi, a nemi fitilar taimin a mayar inda kamfani ya ce.

10. In babu waya sam

Motocin da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000, da yawansu fedarsu ba ta da waya, ƙaramin moto ne ke juya faifai. Waɗannan, musamman masu kuloci, wasu an tsara su ne su ɗan riƙe wuta na daƙiƙa guda don rage hayaƙi mai guba. In haka take tun da ka san ta, silonta daidai, ba fitilar cek, ƙyale ta. In sabon abu ne, wanke ta da makulli a cire, kada yatsarka ta shiga ramin da wuta a jiki, kuma wasu, irin Nissan, sai an sake koya musu silo bayan wanki. Duba kuma ɗan makunnin da ke saman fedar kuloci.

Duk abin da ka gyara, gyara ɗaya ka sake gwajin mataki na farko kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya yi magani ba. Sannan ka fita da ita inda za ta sami gudu da iska, ka dawo ka gwada da AC a kunne da a kashe. In ka bi duka matakan ba ka kama komai ba, saura wayoyin ƙasa da ke ɗaure a jikin manifol, da ita kanta ƙwaƙwalwar, musamman in ruwa ya taɓa kwanciya a cikin motar. Ɗauki takardar da ka rubuta lambobinka, zafin ruwa, volt ɗin sensa, da inda allura ke tsayawa, ka kai wa rewaya ya fara daga nan.